Tuhumar haɗa baki kan safarar ƙwaya a kotun tarayyar Amurka: kurakuran da ke ƙara wa mutum shekaru

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dogaro da cewa "ai ba a kama ni da komai ba". A sashe na 846 na kundi na 21 na dokokin tarayyar Amurka, yarjejeniyar kanta ita ce laifin: mutum biyu ko fiye sun amince za su rarraba ƙwaya, kai kuma ka sani, ka shiga da son ranka. Ba sai an samu ko giram ɗaya a aljihunka ba. A shari'ar Shabani ta 1994, Kotun Ƙoli ta ce ba dole ba ne gwamnati ta nuna an ɗauki wani mataki na aiwatar da shirin. Hukuncin kuma ɗaya ne da na wanda ya miƙa kayan da hannunsa. Ga kuma ƙa'idar Pinkerton ta 1946: laifin da abokin harka ya aikata don ciyar da harkar gaba, in dai abu ne da mai hankali zai iya hangowa, ana iya ɗora maka shi.

Gyaran shi ne a kai faɗan inda yake, wato kan yarjejeniyar. Zama a gida ɗaya da dila, ko sanin sana'arsa, bai isa ya sa ka zama ɗan ƙungiya ba. Wanda ya sayi ƙwaya don ya sha bai haɗa baki da mai sayarwa ba, sai an nuna wani abu fiye da ciniki, kamar ba da kaya bashi a kai a kai ko raba riba. Kuma ba a haɗa baki da jami'in gwamnati da ya yi ɓad-da-kama, ko ɗan rahotonsu, in shi kaɗai ne a ɗaya ɓangaren. Amma mai ɗaukar saƙo ya kula: "ban buɗe jakar ba" ba ta cika fitar da mutum ba. In an biya ka dala dubu uku don kai ƙaramin kwali, ka kuma ƙi tambaya, alƙali zai iya gaya wa masu yanke hukunci, wato 'yan ƙasa da aka zaɓo su tantance ko mutum ya yi laifi, cewa rufe ido da gangan daidai yake da sani.

Sai baki. Jami'an DEA, hukumar yaƙi da ƙwaya, ko na FBI sukan zo da fara'a, su ce "taimaki kanka tun yanzu". Ba su da ikon rage maka ko kwana ɗaya. Mai gabatar da ƙara ne ke roƙo, alƙali ne ke yankewa. Mutum ya zauna yana "wanke kansa", ya ce shi direba ne kawai, sau huɗu kacal ya kai. A jumla ɗaya ya amsa sani, ya amsa shiga, ya kuma ba su lissafin da za su ninka. In kuma ya yi ƙarya, yi wa jami'in tarayya ƙarya laifi ne mai zaman kansa, ɗaurinsa har shekara 5. Yin shiru kawai ma bai wadatar ba, don a 2010 Kotun Ƙoli ta ce sai mutum ya furta a fili cewa ya zaɓi shiru. Ka ce ba za ka amsa tambaya ba, kana son lauya, sannan ka tsuke bakinka. Kada ka ba da izinin binciken mota, gida ko waya. Tun shari'ar Riley ta 2014, buɗe wayar wanda aka kama na buƙatar takardar izinin alƙali, amma in ka miƙa lambar sirrin da kanka, ka yafe wannan kariyar.

Wayar gidan yari ana naɗarta, kuma masu gabatar da ƙara suna saurare. Juyawa zuwa Hausa ko Zabarmanci ba ya ɓoye komai, gwamnati na da masu fassara. "Gaya wa wancan yaron ya share saƙonnin" ko "ku lallashi mutuniyar kada ta zo kotu" sabuwar tuhuma ce ta yi wa shari'a zagon ƙasa, mai iya kai shekara 20, kuma ɗan'uwan da ya isar da saƙon shi ma ya shiga. Haka dangin da suka yi ta kwashe kuɗi daga asusu ko sauya sunan mota bayan kamu.

Yanzu ga inda shari'ar take a zahiri, kuma inda aka fi yin sakaci: nauyin kaya. Sashe na 841 ya kafa matakala. Mafi ƙarancin ɗaurin shekara 10, har zuwa rai da rai, yana farawa daga kilo 1 na hiroyin, kilo 5 na hodar iblis, giram 280 na dunƙulalliyar hodar da ake kira kirak, giram 400 na fentanil, giram 50 na tsantsar metamfetamin ko giram 500 na gaurayenta, ko kilo 1,000 na wiwi. Na shekara 5 zuwa 40 kuwa daga giram 100 na hiroyin, giram 500 na hodar iblis, giram 28 na kirak, giram 40 na fentanil, giram 5 na tsantsar metamfetamin ko giram 50 na gauraye, ko kilo 100 na wiwi. Ƙasa da haka, a waɗannan ƙwayoyi masu ƙarfi, babu tilastaccen mafi ƙaranci. A lura, ana auna gaurayen gaba ɗaya, har da garin da aka cuɗa. Ƙwayoyin jabu masu ɗauke da ɗigon fentanil, in kowace tana da nauyin kashi ɗaya bisa goma na giram, guda 4,000 sun kai giram 400.

Ba abin da aka kama kaɗai ake ƙirgawa ba. Shaida ya ce yana ba ka giram 100 na hodar iblis duk mako har tsawon shekara, a ninka da 52, an wuce kilo 5. Lauyan da ya bar wannan lissafin ya wuce ba gardama ya bar shekarunka a kan tebur. Abin yi shi ne a bi makonnin ɗaya bayan ɗaya da takardu: fasfo mai hatimin fita da shiga, tikitin jirgi, takardar albashi, bayanan inda waya take. Watanni uku da ka yi a gida wajen biki ko jinya sun rushe makonni 13 daga lissafin. Sannan a ware abin da kai ka amince ka shiga daga abin da ƙungiyar gaba ɗaya ta yi, domin ƙa'idojin yanke hukunci sun ce a fara duba iyakar abin da mutum ya yarda da shi. Tun shari'ar Alleyne ta 2013 kuma, duk abin da zai ɗaga mafi ƙarancin ɗauri sai masu yanke hukunci sun tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, ko kai ka amsa shi da bakinka. Shi ya sa sa hannu a takardar amsa laifi mai ɗauke da adadin kilo ba tare da an tantance shi ba babban ganganci ne.

Abubuwa uku suna hawa kan wannan. Bindigar da aka danganta da harkar tana ƙara aƙalla shekara 5 a bayan na ƙwayar, ba a haɗe su. In wani ya mutu sanadin kayan, mafi ƙaranci shekara 20 ne, sai dai shari'ar Burrage ta 2014 ta ce dole a nuna cewa ba don wannan ƙwayar ba da bai mutu ba, don haka a nemi likitan da zai sake duba rahoton gawa. Tsohon hukunci mai nauyi kan ƙwaya kuma yana mayar da 10 ya zama 15, in mai gabatar da ƙara ya shigar da sanarwa ta sashe na 851.

Batun lauya: kada ka karɓi wanda "maigida" ya biya, don ba zai ba ka shawarar da za ta taɓa mai biyansa ba. Kada kuma dangi su sayar da fili su ɗauko lauyan da bai saba da kotun tarayya ba, saboda raina na gwamnati. Lauyoyin kare marasa hali na tarayya kullum a irin wannan shari'ar suke, kuma kotu na iya biya musu mai bincike da ƙwararre. Ranar zaman beli a zo da shiri. A waɗannan tuhume-tuhumen doka ta fara ne da zaton a tsare mutum, sai shi ya kawo hujjar aiki, mazauni da masu tsaya masa.

Ƙorafi kan yadda aka samo shaida yana da wa'adi kafin fara shari'a. Sauraren waya na buƙatar izinin alƙali na kwana 30 a kowane karo, da hujjar cewa sauran hanyoyin bincike sun gaza, ko da wuya su yi aiki, ko suna da haɗari. Tsayar da mota fiye da lokacin rubuta tara don jiran karen da ke sansano ƙwaya, ba tare da wani dalilin zargi ba, Kotun Ƙoli ta haramta shi a shari'ar Rodriguez ta 2015. In hirar da aka naɗa ba da Turanci aka yi ta ba, a sa wani mai fassara na daban ya saurari muryar kanta, kada a tsaya kan rubutun gwamnati. Kana da haƙƙin tafinta a kotu, kuma ka nema ko da kana jin Turancin kasuwa.

Mutane da yawa suna rikita hanyoyi biyu na sauka ƙasa da mafi ƙarancin ɗauri. Ɗaya ita ce taimaka wa gwamnati ta kama wasu. A nan mai gabatar da ƙara kaɗai ke da ikon neman ragi. Ɗayar, ta sashe na 3553(f) na kundi na 18, ba ta buƙatar ka tsaya shaida a kan kowa, kuma alƙali ne ke yanke ta. Sharuɗɗanta biyar: tarihin laifi kaɗan, babu makami ko tashin hankali, babu wanda ya mutu ko ya ji mummunan rauni, ba kai ne jagora ba, sannan ka gaya wa gwamnati duk abin da ka sani kafin yanke hukunci. A na biyar ake faɗuwa. Mutum ya faɗi kashi tara ya ɓoye ɗaya don kare ƙani, su kuma suna da muryar ƙanin a naɗe. Zaman da ake ba wa gwamnati bayanin ma ba rigar kariya ba ce: akasarin takardunsa sun yarda a bi sawun abin da ka faɗa, a kuma ƙaryata ka da shi in ka sauya magana a kotu.

"Ai na daina tun tuni" ba ta isa ba. Shari'ar Smith ta 2013 ta ɗora wa wanda ake tuhuma nauyin nuna ya fita, kuma fita tana nufin ka sanar da abokan harkar ko hukuma.

Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da katin zama na dindindin, ya sani cewa hukuncin safarar ƙwaya kusan kullum kora ce ke biyo bayansa. Tun shari'ar Padilla ta 2010 wajibi ne lauya ya faɗa maka wannan kafin ka amsa laifi. Ka tambaya, a kuma tuntuɓi lauyan shige da fice tun ana ciniki kan tuhumar.

Bayan amsa laifi ko hukunci, jami'in kotu zai rubuta rahoto a kanka. Kada ka zauna da shi ba lauya. Kwana 14 ne na ƙalubalantar rahoton, kuma a nan ake neman ragin ƙaramin matsayi a harkar, maki 2 zuwa 4 a ma'aunin da ake lissafa ɗauri da shi. Kwana 14 ne kuma na shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. A tsarin tarayya babu sakin talala ga laifukan da aka aikata tun daga ƙarshen 1987. Ragin kyawun hali kwana 54 ne a kowace shekara, don haka wanda aka yanke wa shekara 10 ya ƙirga kusan takwas da rabi, sai in ya cancanci ƙarin ragi ta shirye-shiryen gyaran hali na gidan yarin.