Yadda Ake Zaɓar Hular Kwanon Mai Cafke Ƙwallo ga Yaron da ke Sanya Tabarau a Wasan Besbol

Duk iyayen da ke zaune a Amurka, waɗanda ɗansu ya shiga ƙungiyar besbol ta unguwa, za su lura cewa babu ɗan wasan da ya kai mai cafke ƙwallo yawan kayan kariya. Shi ne ke tsugune a bayan mai bugu, ana jefo masa ƙwallo mai tauri da nauyinta ya kai kusan giram 145, kuma a gasar Little League ta 'yan ƙasa da shekara 13 tazarar da ke tsakaninsa da mai jifa ba ta wuce kimanin mita 14 ba. Idan sanda ta ɗan goge ƙwallon, sai ta sauya hanya ta nufo fuskarsa kafin ya ɗaga hannu. Ga yaron da ba ya gani sosai sai da tabarau, hula da tabarau abu guda ne wajen zaɓi, kuma da tabarau ya kamata a fara.

Tabarau na zuwa makaranta bai dace da wannan aiki ba. Mai firam na ƙarfe yana lanƙwashewa, 'yan maƙalan da ke kan karan hanci suna nutsewa cikin fata idan an sami bugu, masu kaurin ƙafa kuwa soson hula yana matse su a gefen kai har yaro ya fara ciwon kai tun wasa bai yi nisa ba. Abin da likitocin ido ke ba da shawara a kai shi ne tabarau na wasanni, wanda aka yi idonsa da roba mai ƙarfi da ake kira polikabonet, kuma yana ɗauke da shaidar cika ƙa'idar ASTM F803, kamar samfurin da ake kira Rec Specs. A ganina, mai maɗaurin roba da ke zagaye kai ya fi mai ƙafafu sauƙin zama a cikin hula, domin ba shi da tudun da soso zai danne. A kuma duba tsawon idon tabaraun daga sama zuwa ƙasa, saboda mai cafke ƙwallo yakan ɗaga ido ya nemi ƙwallon da ta tashi sama, kuma idan firam ɗin gajere ne, ta saman gilashin zai riƙa leƙe, inda ba ya gani.

Hular iri biyu ce. Akwai ta gargajiya, wadda ragar fuska take dabam da ƙoƙon kai, akwai kuma mai haɗe wuri ɗaya wadda aka kwaikwayo daga ta masu tsaron gida a wasan hoki na ƙanƙara, wadda Charlie O'Brien na ƙungiyar Toronto Blue Jays ya fara shiga babbar gasa da ita a 1996. A wasan yara doka ta riga ta taƙaita zaɓin, domin Little League ta hana ƙaramin ƙoƙon da ba ya rufe kunnuwa, ta wajabta hular da ke da hatimin NOCSAE, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin ingancin kayan kariya na wasanni a Amurka, sannan ta ce dole a rataya makarin maƙogwaro mai lilo a ƙasan raga ko da ragar ta sauko har wuya. Shi ya sa mai haɗe wuri ɗaya ta fi yawa a kantuna. Wasu gasannin suna da nasu dokokin, don haka a tambayi koci kafin a biya kuɗi.

Sai awo. A sami tef irin na tela a zagaye kan yaron, ɗan sama da gira da kunnuwa. Lambar hula a Amurka ita ce kewayen kai a inci idan an raba shi da 3.14, wato santimita 52 ta yi daidai da lamba 6½, santimita 56 kuma lamba 7, kuma yawancin hulunan yara na kamfanoni irin su All-Star da Rawlings da Easton a wannan tsakanin suke. A nan ne iyaye da dama ke yin kuskure, sukan sayi babba da nufin tabarau ya sami sarari, ko don yaro ya girma a cikinta. Hular da ta yi yawa tana zamewa, idan kuma ƙwallo ta daki raga sai ragar ta koma baya ta haɗu da gilashin da ake son karewa. Haka nan ba a yanke soson ciki don buɗe wa ƙafar tabarau hanya, domin sauya fasalin hula na iya soke shaidar ingancinta. Idan wata ta matse, a gwada ta wani kamfanin, tunda zurfin raga da kaurin soso sun bambanta ko da lamba ɗaya ce.

Gwaji a kanti shi ne mafi muhimmanci, kuma ba a yin sa cikin gaggawa. Yaro ya sanya tabaraun da zai yi wasa da shi, a ɗora hula, a ɗaure igiyoyin baya yadda goshi da haɓa za su zauna daram a kan sosonsu. A zura yatsa a tabbatar akwai rata tsakanin gilashi da sandunan raga, sannan a dafa ragar da tafin hannu a tura da ɗan ƙarfi. Muddin ta taɓa firam, wannan hular ba tasa ba ce. Daga nan ya tsuguna kamar yadda yake yi a fili, ba a tsaye ba, domin a tsugune kai yana ɗagowa, hula tana sauya zama, kuma a lokacin ne ake gane ko wata sanda ta gitta daidai inda yake kallo. A jefa masa ƙwallo a hankali, ƙasa da sama da gefe, ya faɗi inda take ɓace masa. A bar shi da hular kamar minti goma, idan an cire a duba karan hanci da bayan kunnuwa ko akwai jan shati.

Akwai kuma batun cire hula da sauri. Mai haɗe wuri ɗaya sama ake fizge ta, kuma takan tafi da tabarau mai ƙafafu, yaro ya tsaya yana lalube a ƙasa ƙwallo tana sama. A sa shi ya cire ta sau da yawa a jere. Idan tabarau yana biyo ta, ko dai a ƙara masa maɗauri, ko kuma a koya masa bin ƙwallon da hular a kansa, abin da kociyoyin yara da yawa suka fi so, tunda irin wannan hula tana da faɗin gani.

Zufa da numfashi suna sa gilashi ya yi hazo, musamman da sanyin safiya a farkon kakar wasa, saboda haka a fifita hula mai kafofin iska da yawa, a kuma nemi maganin hana hazo a wurin mai sayar da tabarau. Idan hular ƙungiya ce ko ta hannu, a duba tsagewa a ƙoƙo, da sandar da ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa, da soson da ya bushe ya daina komawa idan an danna shi. Duk lokacin da likita ya sauya wa yaro tabarau, a tafi da hular zuwa kantin tabarau, a gwada sabon firam a cikinta kafin a yanka gilashi.