Kumburin ƙafa ko hannu: yaushe tausar limf za ta yi maki amfani, yaushe kuma asibiti za ki nufa

Salamu alaikum 'yan uwa na Aboabo, Asawase, Sawaba da duk zangon Kumasi. Kwanan nan ko ina ka leƙa a TikTok sai tallan tausar limf, wai tana sace tumbi, wai tana wanke dattin jiki, har wasu matanmu sun fara tara sidi don a yi masu kafin biki. Tausar nan gaskiya ce kuma tana taimako sosai, amma fa ba kowane kumburi ke son ta ba, akwai ma wanda in aka taɓa shi da tausa ana iya rasa rai, shi ya sa nake so mu bambance su tun kafin a kai kuɗi.

Ban da jijiyoyin jini, akwai wasu siraran hanyoyi ƙarƙashin fata da ke kwashe ruwan da ya tsattsafo daga jini ya shiga tsakanin nama. Ruwan nan shi ne limf. Yana bi ta ƙwayoyin kaluluwa, waɗannan da ke wuya da hammata da matsematsi, su ne in kin ji ciwo a yatsa sai ki ji sun taso, a can ake tace shi sannan ya koma cikin jini a gindin wuya. Jini yana da zuciya mai turo shi dare da rana, shi kuwa limf ba shi da famfo irin wannan, motsin tsoka da numfashi ne ke taya shi tafiya. To in hanyar ta lalace ko an cire kaluluwar, ruwan sai ya taru, shi ne likitoci ke ce wa limfodima. Wani ɗan ƙasar Denmak, Emil Vodder, shi da matarsa Estrid suka tsara wannan tausar, suka nuna ta a Faris a 1936, kuma har yau masu fisiyo, wato ma'aikatan asibiti masu gyaran gaɓoɓi ta hanyar tausa da motsa jiki, na amfani da ita.

Alamar farko ba ma ido ke ganinta ba, jiki ke ji. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya ta yi nauyi, fata ta ɗaure tam, zoben da kika saba cirewa lokacin alwala yanzu sai da sabulu, awarwaro na barin shata, hannun rigar da tela ya ɗinka maki daidai ya matse a gefe guda kawai, takalmin dama ya shiga na hagu ya ƙi. A hankali yake zuwa, ba dare ɗaya ba. Da farko in kin danna da babban yatsa na ɗan lokaci sai wurin ya lotsa, da safe kuma ki ga ya ɗan sace. In aka bar shi ya daɗe sai ya daina lotsawa, ya daina sacewa da kwanciya, fatar ta yi kauri ta yi tauri. Wannan lokacin na farko da yake lotsawa shi ne ya fi jin magani, kar ki jira.

Ga gwaji biyu da za ki yi a ɗaki. Ki tsunkuli fatar da ke gindin yatsan ƙafa na biyu, wato na kusa da babban yatsa, ta sama. In ta ɗagu tsakanin yatsunki to da sauƙi, in kuwa ta ƙi kamuwa sam saboda kauri, alama ce mai ƙarfi ta limfodima. Na biyu ki ɗauko tef ɗin tela ki auna hannayen biyu ko ƙafafun biyu a wuri iri ɗaya, misali ɗan sama da idon sawu da kuma tsakiyar sha raɓa, ki rubuta a takarda da kwanan wata. Bambancin santimita 2 ko fiye da ya ƙi tafiya, a kai wa likita takardar ya gani.

Su wa abin ya fi kamawa? Na farko matan da aka yi wa aikin kansar nono aka cire masu kaluluwar hammata ko aka gasa wurin da na'ura. Kusan mace 1 cikin 5 na samun kumburin hannu a wannan gefen, kuma wallahi abin da ke ba ni tausayi shi ne ba lallai ya zo nan take ba, yana iya fitowa bayan watanni ko shekaru, Mma ta riga ta manta da aikin ta koma daka da wanki, sai hannu ya fara nauyi a ce ai gajiya ce. In kina da uwa ko yaya da aka yi wa wannan aiki, ki riƙa duba mata hannun nan. Haka wanda aka yi wa aikin kansar mahaifa ko ta mafitsara, shi a ƙafa yake fitowa.

Na biyu tundurmi. Da yawanmu a zango tushenmu arewa ne, Bawku, Bolga, Wa, muna zuwa muna dawowa, kuma cutar nan an san ta a can da wasu yankunan gaɓar teku ta yamma. Sauro ke ɗauko 'ya'yan wata tsutsa ya sa wa mutum, tsutsar ta girma cikin hanyoyin limf ta ɓata su, mace ƙafa ta kumbura, namiji ƙafa ko gwaiwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da yaƙi da ita a 2000, a nan Gana kuma an daɗe ana rabon magungunan ibamektin da albendazol gida gida a gundumomin da take. Maganin yana kashe 'ya'yan tsutsar ya hana yaɗuwa, amma ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura, ita kulawa take so kullum. Na san ana yawan cewa an tsallaka wani abu ne ko an yi wa mutum sammu, ni dai roƙona a yi addu'a a kuma je a gwada jini, ɗaya bai hana ɗaya ba.

Akwai kuma kumburin bayan tiyata ko karaya da ya ƙi sauka, wannan ma tausar na taimakawa in likitan da ya yi aikin ya ba da izini.

Amma mai shago a kasuwar Kejetia da ta wuni zaune kan benci, ko mai wake da shinkafa da ta tsaya tun asuba, ko wanda ya kwana a bas daga Kumasi zuwa Bawku ya sauko ƙafa biyu sun cika takalmi, in kumburin ya tafi bayan barci to yawanci zama ne da tsayuwa. Tausar za ta yi daɗi ba laifi, sai dai tashi a taka, ɗora ƙafa kan filo da rage gishiri da magi sun wadatar. Masu hawan jini kuma ku sani ƙwayar amlodifin na kumbura idon sawu, kar a daina sha da kai, a gaya wa likita ya duba. Maganar narkar da kitse kuwa babu ita, ruwa tausar ke matsarwa, tumbin kitse na nan inda yake.

Yanzu ga inda ba a tausa ko kaɗan, don Allah a karanta nan da kyau. Ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya, sha raɓa na ciwo da ɗumi, musamman bayan doguwar tafiya, haihuwa ko kwanciya jinya, wannan yana iya zama gudan jini a jijiya, in aka murza ya ɓalle ya tafi huhu shi ke nan. Fata ta yi zafi ta yi ja ko ta ƙara duhu tana sheƙi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, ƙwayar cuta ce ta shiga, maganin asibiti take so a ranar. Ƙafa biyu sun kumbura ga haki, ba ki iya kwanciya sai da filo biyu uku, ko fuska na kumbura da safe fitsari ya ragu, zuciya ce ko ƙoda. Mai ciki da fuska da hannu suka kumbura ga ciwon kai ko ganin dishi dishi, a auna jini yanzu yanzu don gudun jijjiga. Kaluluwa mai tauri da ba ta ciwo ta yi makonni ba ta sauka ba, kar a murza ta, a je a duba tibi ko kansa. Duk waɗannan a ɗauki katin inshora a nufi asibiti mafi kusa, in sun ga ya fi ƙarfinsu za su tura ki babban asibitin Komfo Anokye, wato Gee, can akwai sashen fisiyo.

In likita ya tabbatar limfodima ce kuma ya ce a yi, ga yadda take. Ki manta da irin tausarmu ta gida da ake hawa da ƙarfi da man zafi har sai mutum ya yi ƙara. Hanyoyin limf dab da fata suke, in kika danna da ƙarfi rufe su kika yi. Tafin hannu za ki shimfiɗa, ba mai, ki ja fatar kaɗan ki sake ta koma da kanta, a hankali, in wurin ya yi ciwo to ƙarfin ya yi yawa. Kuma ba daga inda ya kumbura ake farawa ba. Kin ga in kwata ta toshe a unguwa da damina, daga bakin da ruwa ke fita ake fara yashewa, ba daga ƙofar gidanki ba, to haka nan. Ki fara da dogon numfashi kamar sau 5, hannu a kan ciki ki ji yana tasowa. Sai ramin nan da ke gindin wuya gefe da gefe, ki ja fatar ƙasa a hankali kamar sau 10. In ƙafa ce sai matsematsi, sai cinya kina ja sama, sai bayan gwiwa, sai sha raɓa, idon sawu da yatsu su ne na ƙarshe, duk jan yana fuskantar sama. In hannu ne kuma an cire kaluluwar hammatar, ba can za a tura ruwan ba tunda hanyar babu, ana karkatar da shi ne ta ƙirji zuwa ɗaya hammatar, wannan kam ki bari mai fisiyo ya nuna maki da hannunsa kafin ki riƙa yi a gida. Minti 15 zuwa 20 kullum ya fi awa guda sau ɗaya a wata.

Tausa ita kaɗai ba ta riƙe ƙafa, ruwan dawowa yake. Abin da ke riƙewa shi ne bandeji na musamman ko safar matsi da aka auna maki daidai, da motsa jiki, da kula da fata. Ki wanke da sabulu da ruwa mai tsabta kullum, ki tsane tsakanin yatsu sosai musamman bayan alwala don nan ne ƙwayar cuta ke samun ƙofa, ki shafa man kaɗanya kar fatar ta tsage, ki sa takalmi ko a tsakar gida ne. Ba a yin ƙaho ko tsaga a gaɓar da ta kumbura, ba a gasa ta da ruwan zafi. In za a ɗebi jini ko a auna hawan jini, ki miƙa wa nas ɗaya hannun in da hali.

Wadda za ta je wurin masu tausa na kuɗi kuma, kafin ki kwanta ki tambaye su a ina suka koya, ki lura ko sun tambaye ki tarihin lafiyarki, zuciya, ƙoda, ciki, tiyata, magungunan da kike sha. In ba su tambayi ko ɗaya ba suka ce ki hau gado kawai, ki ɗauki jakarki ki fita.