Yadda Ake Tsaftace Teburin Ɗakin Gwaji Idan Gishirin Yuraniyom Ya Zube

Yuranil asitet, gishirin yuraniyom ɗin nan mai kamar gari mai ruwan ɗorawa da ake rina samfuri da shi kafin a duba a madubin ilektoron (na'urar ganin ƙananan abubuwa), radiyeshinsa ba shi da ƙarfi daga waje. Haɗarinsa yana cikin shaƙa ko haɗiya, domin ƙoda yuraniyom yake lalatawa, don haka duk aikin ya rataya ne a kan hana garin tashi.

Da zarar ya zube, a kashe fanka, a sanar da jami'in kula da radiyeshin, a sa takunkumi da safar hannu biyu-biyu, sannan a kewaye wurin da tef.

Wajen gogewa ne sababbin ɗalibai suke ɓata aiki. Hannu ya saba da murza tsumma a zagaye kamar ana wanke faranti, kuma da haka zubin da bai wuce tafin hannu ba yake mamaye rabin tebur. Kada busasshen tsumma ko buroshi ya taɓa garin. A jiƙa takardar goge-goge, a shimfiɗa ta a kansa a hankali har ya jiƙe, a tattare ta, sannan a ɗauki sabuwa a ja sau ɗaya daga gefe zuwa tsakiya. Fuskar takardar da ta taɓa tebur ba ta sake komawa kansa: a ninke ta ciki, a jefa a leda. Takarda za ta ƙare da yawa, amma ta fi sabon tebur araha. Ruwan sabulu irin Decon 90 yana aiki, sai dai ni na fi amincewa da ruwan bekin soda, saboda sinadarin kabonet da ke cikinsa yana kama yuraniyom ya narkar da shi. A canza safar waje a kai a kai, musamman kafin taɓa famfo ko ƙofa.

Daga nan a auna wani wuri mai tsabta da na'urar Geiger mai auna radiyeshin domin a samu abin kwatantawa, a dawo a bi teburin sannu a hankali, santimita ɗaya daga samansa, sannan a shafi murabba'in santimita 100 da takardar tacewa a kai ta awo. Idan katako ya riga ya sha, a yanke wurin. Kada a manta da auna hannu da tafin takalmi.

Sharar fosfaros-32, wani sinadari mai radiyeshin, akan ajiye ta har ta yi rauni domin ƙarfinta yana raguwa da rabi cikin kwana 14, amma yuraniyom-238 sai shekara biliyan 4.5. A ɗaure ledar, a rubuta sunan sinadarin da kwanan wata, a miƙa wa jami'in ya zubar bisa ƙa'idar NNRA, hukumar kula da harkokin nukiliya ta Najeriya.