Yadda ake kula da doki bayan atisayen tsallaken shinge

A Ingila, a watan Maris ake fara kakar gasar dawaki mai rukuni uku: nuna horo, sukuwa a fili da tsallaken shinge. Lokacin ƙasa duk taɓo ce, aikin barga kuma ba ya ƙarewa.

1. Da ka sauka, sassauta majayi, ka ja dokin yana tafiya a hankali har hakinsa ya kwanta. Bugun zuciyar dokin da ya huta 28 zuwa 44 ne a minti ɗaya.

2. Cire sirdi da linzami, sa masa ragama.

3. Wanke gumin, ka rufa masa bargo, don sanyin Maris ba wasa.

4. Nan ne mai gaggawa ke yin asara. Durƙusa ka shafa bayan kowace ƙafa daga gwiwa zuwa kofato, kana kwatanta hagu da dama. In ɗaya ta fi ɗumi ko ta ɗan kumbura, ko da ba ya ɗingishi, kira likitan dabbobi. Jijiya in ta samu rauni, sai a yi watanni ana jinya.

5. Kwance ƙusoshin hana santsi daga takalminsa, ka ƙwaƙule taɓon kofato.

6. Ba shi ruwa da busasshiyar ciyawa. Hatsi sai jikinsa ya huce.