Sabon zuwa Japan: ka koyi ladabinsu, kada ka ari shirunsu

Makon farko a Japan da wuya mutum ya sami abin kushewa. Jirgin da aka ce zai iso ƙarfe 8:03, a 8:03 ɗin zai tsaya a gabanka. Ka yar da walat ɗinka, ka leƙa ɗan ofishin 'yan sandan unguwa da suke kira koban, sau da yawa ka tarar wani ya kai shi, kuɗinka cif. Duk wannan gaskiya ne, ba zan rage musu komai ba. Sai dai ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ɗan'uwa, ko karatu ya kawo ka ko aiki, akwai abin da ke faruwa a ofis da masana'anta bayan an tura ƙofa, kuma gara ka ji shi tun kafin ka sa hannu a takarda. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce labarin Fukushima.

Ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.0 ta auku a teku, gabas da yankin Tohoku. Igiyar tsunami ta biyo baya, ta haure katangar tashar nukiliya ta Fukushima Daiichi, wadda kamfanin lantarki na Tokyo, TEPCO, ke gudanarwa. Ruwa ya cinye janaretocin ko-ta-kwana, sanyaya tukwanen nukiliyar ta tsaya, uku daga cikinsu suka narke. Mutane fiye da 150,000 suka bar gidajensu, wasu har yau ba su koma ba. In an tsaya nan sai a ce ƙaddara ce, wa ya isa ya tare teku. To, a 2008, shekara uku kafin abin, lissafin da aka yi a cikin kamfanin kansa ya nuna igiya za ta iya kaiwa mita 15.7 a wurin. Manyan kamfanin suka gani, suka ce a miƙa wa ƙungiyar injiniyoyi ta ƙara nazari. Ba a ɗaga katanga ba, ba a hau da janareto tudu ba. Igiyar da ta zo kuwa tsayinta ya yi kusa da abin da aka lissafa.

Majalisar dokokin ƙasar ta kafa kwamitin bincike mai zaman kansa a ƙarƙashin wani likita, Kiyoshi Kurokawa. A watan Yuli 2012 kwamitin ya ce bala'in aikin ɗan Adam ne, kuma da an so da an kauce masa. A gabatarwar da ya rubuta wa rahoton na Turanci, Kurokawa ya ɗora laifin a kan ɗabi'un da ya ce sun yi jijiya a ƙasar: biyayya ba tunani, nauyin baki wajen tambayar na gaba, riƙe tsari ko da ya karkace, da fifita ƙungiya a kan gaskiya. Ka lura, Bajapane ne ya faɗi haka a kan 'yan'uwansa, ba baƙo ba.

Hukumar da ke sa ido a kan tashoshin a lokacin tana ƙarƙashin ma'aikatar da aikinta shi ne bunƙasa nukiliyar. Kura ce aka ba ajiyar nama. Manyan jami'an gwamnati in sun yi ritaya sai su faɗa kujeru masu tsoka a kamfanonin da suka sa wa ido jiya. Suna kiran wannan amakudari, wato saukowa daga sama. A 2000 wani injiniya, Kei Sugaoka, ya tsegunta wa hukuma cewa ana ɓoye tsagewar wani ƙarfe a Fukushima Daiichi. Sunansa ya koma hannun kamfanin ta hanyar hukumar da ya kai wa ƙara. Sai a 2002 maganar jabun takardun duba tashoshi ta fashe, shugabannin kamfanin suka sauka. Bayan 2011 ne aka rushe tsohuwar hukumar, aka kafa sabuwa mai cin gashin kanta a Satumba 2012.

Me ya haɗa ka da wannan, kai da ka zo haɗa kayan mota a Aichi ko karatun digiri na biyu a Sendai? Tarbiyyarmu. An raine mu da cewa bin na gaba bin Allah ne, ba a haɗa ido da babba, ba a mayar masa da magana, kuma baƙo ba ya ɗaga murya a gidan mutane. Japanawa suna son wannan hali namu ƙwarai, nan da nan za ka ji ana yabonka da natsuwa. Amma a gida, babban da kake yi wa kawaici ya san mahaifinka, akwai mai unguwa, akwai liman, akwai kawu da zai je ya yi magana a madadinka. A nan kai kaɗai ne da katin zamanka. In ka haɗa kunyarmu da shirunsu, za a ɗora maka kaya har ka durƙushe, kana cewa ba komai.

Ban yarda da masu cewa wai haka jininsu yake ba. Mutane da yawa sun soki Kurokawa a kan haka, suka ce in ka ce al'ada ce ta yi laifi, to ka wanke masu sunaye da suka zauna a taro suka yanke shawara. Hujja tana Onagawa. Wannan tasha ta kamfanin lantarki na Tohoku ta fi Fukushima kusa da cibiyar girgizar, amma ta tsira. Tun lokacin tsara ta, wani tsohon injiniya mai suna Yanosuke Hirai ya kafe sai an gina ta a kan tudu mai tsayin mita 14.8, yana tuna musu da tsunamin shekarar 869. Igiyar 2011 ta kai wajen mita 13 a wurin. Ɗaruruwan mutanen ƙauyukan kusa a cikin tashar suka fake. Ƙasa ɗaya, al'ada ɗaya, bambancin mutum guda ne da ya ƙi yin shiru, da shugabannin da suka saurare shi.

Abin bai tsaya a nukiliya ba. A 2011 kamfanin kyamara na Olympus ya kori shugabansa ɗan Ingila, Michael Woodford, makonni kaɗan bayan ba shi babbar kujera, don ya tambayi inda wasu maƙudan kuɗi suka shiga. Daga baya aka gano asarar kusan dala biliyan 1.7 da aka yi shekaru ana rufa-rufa a kanta. A 2015 aka kama Toshiba da kumbura riba ta fiye da yen biliyan 150, masu bincike suka ce a kamfanin ba a iya saɓa wa na sama. A Disamba 2023 Daihatsu ya dakatar da fitar da dukkan motocinsa saboda maguɗin gwajin lafiyar mota, kuma dalilin da aka bayar shi ne wa'adi mai tsanani da ba wanda ya isa ya ce ba zai yiwu ba. A irin wannan, wanda ke ƙasa shi ke buga hatimi a takarda. Saboda haka ko hatiminka na hanko ne ko sa hannu, kada ka ɗora shi a kan awon da ba ka yi ba, ko da shugaban sashe ya ce kullum haka ake yi. Ka ce ba ka gane ba, a nuna maka. Baƙo yana da wannan dama, kuma ita ce garkuwarka mafi ƙarfi a shekarar farko.

Sai maganar lokaci, wadda ita za ka fara cin karo da ita. Akwai abin da suke kira sabisu zangyo: ka buga katin tashi, ka koma kan aiki kyauta. Akwai zaman jiran oga, ba wanda zai miƙe sai ya miƙe. Suna da kalma ta musamman ga mutuwa saboda yawan aiki, karoshi. Matsuri Takahashi, 'yar shekara 24, ma'aikaciyar kamfanin talla na Dentsu, ta kashe kanta a Disamba 2015 bayan watan da ta yi fiye da awa 100 na ƙarin lokaci. Tarar da kotu ta ci kamfanin yen 500,000 ce. Duk lokacin da na tuna wannan adadi sai raina ya ɓaci. Mutuwarta ta taimaka wajen kawo dokar da ta fara aiki a Afrilu 2019, kuma ya kamata ka haddace ta kamar lambar wayarka: ƙarin lokaci a ƙa'ida awa 45 ne a wata, 360 a shekara, ko da yarjejeniya ta musamman ba zai kai awa 100 a wata ba, ba zai wuce 720 a shekara ba. Kowace awa ta ƙari ana biyanta da ƙarin kashi 25 cikin 100 aƙalla, abin da ya haura awa 60 a wata kuma kashi 50. Bayan wata shida kana aiki cikakke kana da hutun kwana 10 da albashi. Dokar ba ta ware baƙo ba.

Amma doka ba ta aiki sai da shaida. Ka sayi ƙaramin littafi, kullum ka rubuta lokacin shiga da na fita. Ka adana takardun albashi da kwantiraginka, ka ɗauki hotonsu a waya. Fasfonka da katin zamanka su zauna a hannunka. Ba kamfanin da ke da ikon riƙe su. In an ci haƙƙinka, akwai ofishin duba ƙa'idojin ƙwadago, rodo kijun kantokusho, a kowane yanki, kuma ana iya bin bashin albashi har na shekara uku baya. A Yotsuya cikin Tokyo akwai cibiyar FRESC ta taimakon baƙi. Akwai kuma ƙungiyoyin ƙwadago na gari waɗanda mutum ɗaya tak zai iya shiga, su zauna da kamfani a madadinsa. Abu ɗaya da na ga ya cuci 'yan'uwa: a kira ka ɗaki, a yi maka magana mai laushi, a miƙo takarda a ce sa hannu kawai. Sau da yawa takardar ajiye aiki ce bisa raɗin kanka, domin korar ma'aikaci tana da wuya a dokarsu. Ka ce za ka je gida ka karanta. Ka kai wa wanda ya iya karatun.

Ba cewa nake ka zama mai tsaurin ido ba. Faɗa a bainar jama'a ba ya ci a nan, ko kai ne da gaskiya. Su ba sa yanke magana a taro. Kafin taron an bi kowa ɗaya bayan ɗaya an shawo kansa, abin da suke kira nemawashi. Bahaushe ya san wannan, kamun ƙafa ne. In kana da ƙorafi, ka sami na gaba da kai shi kaɗai, ka faɗa a tsanake, sannan ka bi da ɗan saƙon imel don ya zama a rubuce. Suna koya wa sabon ma'aikaci horenso, wato kai rahoto, sanarwa da neman shawara. To ka kai rahoton matsala da sunan wannan horenso nasu, ba wanda zai ce ka yi rashin kunya. Ka kuma koyi jin abin da ba a faɗa ba: in aka ja iska ta haƙori aka ce abin da ɗan wuya, an ce a'a ke nan. Batun salla da giya kuwa, ka faɗe shi tun ranar farko. Ka je liyafar bayan aiki ka sha shayin oolong, mafi yawansu ba za su matsa ba in sun sani tun da wuri.

Wanda aka yi wa tayin aikin gini ko share fili mai albashi fiye da kima a arewa maso gabas, ya tambayi sunan garin da ainihin aikin. Aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa da rushe tashar yana bi ta hannun 'yan kwangila hawa-hawa, kowa ya yagi rabonsa kafin ya iso ga lebura. A 2018 ta bayyana cewa an sa 'yan Vietnam da suka zo koyon sana'a aikin share gurɓatar nukiliya ba tare da an yi musu bayani ba. A 2012 an gano wani ɗan kwangila ya sa ma'aikata rufe na'urar auna tururin nukiliya da dalma don adadin ya ragu. Aikin halal ne in an bi ƙa'ida: horo, na'urar awo a jikinka, da littafin da ake rubuta abin da jikinka ya ɗauka, wanda bai kamata ya wuce milisiba (ma'aunin tururin da jiki ya ɗauka) 50 a shekara ko 100 a shekara biyar ba. In babu waɗannan, ka tafi. 'Yan'uwanmu na Arlit ba baƙin wannan magana ba ne; wani kamfanin Japan ya daɗe yana riƙe da kashi 25 na Cominak, mahaƙar yuraniyom ta Akouta da aka rufe a 2021.

Kada kuma tsoro ya sa ka ƙyamaci mutanen Fukushima ko abincinsu. Sun sha wariya a cikin ƙasarsu ba da laifinsu ba. Jihar tana da faɗi, an shafe shekaru ana auna kowane buhun shinkafarta, kuma iyakar da Japan ta sa wa abinci, bekarel (ma'aunin gurɓatar nukiliya) 100 a kilo, tana cikin mafi tsanani a duniya.

Abin da ya rage shi ne gidan da za ka kama. A 2011 mutanen garin Namie sun gudu arewa maso yamma, inda iska ta kai gurɓatar, alhali gwamnati tana da na'urar hasashe mai suna SPEEDI da ba a fitar da sakamakonta ga jama'a da wuri ba. A girgizar Noto ta 1 ga Janairu 2024 hanyoyi sun tsage a yankin da tashar Shika take, har aka riƙa tambayar ta ina za a bi da an ce a gudu. An sake kunna wasu tashoshin nukiliyar da aka dakatar bayan bala'in, tun daga ta Sendai da ke Kagoshima (ba birnin Sendai ba) a 2015, don haka ranar da ka je ofishin ƙaramar hukuma yin rajistar adireshi, ka nemi taswirar haɗari ta unguwarku. Ka tambaya ko kana cikin kilomita 5 ko 30 daga wata tasha, ina ne wurin fakewa, ina ake raba ƙwayar ayodin da ake sha in tururin nukiliya ya fita. Ka sa manhajar Safety tips da ta NHK World a wayarka, ka ajiye ruwan kwana uku da fitila da kwafin takardunka a jaka ɗaya kusa da ƙofa, ka kuma taka da ƙafarka zuwa wurin fakewar sau ɗaya da rana, don ka gane hanyar in dare ne.