Ruwan lagireto na raguwa, baƙin mai ya daskare: kurakuran da ake yi wa injin motar hannu

Mota ce ta hannu, ko 'yar Kwatano ko wadda ta sha aiki a gida. Kullum da safe sai an ƙara mata ruwa, amma babu ɗigo a ƙasa. An buɗe murfin baƙin mai, an ga wani abu ya manne kamar kwalta, ko fari-fari kamar kindirmo. Kafin a ce kwabo bakanike ya yanke hukunci: "Alhaji, gasket ne ya ƙone, sai an sauke kan inji." Gasket shi ne faifan da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, wanda ke hana ruwa, mai da hayaƙi haɗuwa. Wani lokaci bakaniken da gaskiyarsa. Sau da yawa kuwa laifin na murfin lagireto ne ko na tiyo ɗaya da ya tsage. Kuskuren da ya haifi sauran ke nan, a fara da aiki mai tsada kafin a san inda ruwan yake tafiya.

Raina murfin lagireto

Murfin nan ba toshiya ba ce kawai. Shi ke riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa a digiri 100. A yawancin motocin Toyota da Honda za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a samansa, iya matsin da zai riƙe ke nan. Idan robarsa ta bushe ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai riƙa fita ta tankin ajiya a kan hanya, ya ƙafe, ba za ka taɓa ganin alamarsa a garejinka ba. A canza shi da wani murfin mai lamba iri ɗaya. Sanya mai lamba sama da ta asali don "ya fi riƙewa" shi ke fasa robar saman tsohon lagireto.

Neman yoyo a ƙasa kaɗai

Ƙaramin yoyo a jikin inji mai zafi ba ya kai wa ƙasa. Abin da yake bari shi ne busasshen tabo, fari ko kore ko ja-ja, gwargwadon launin kulan ɗin da ke ciki, wato ruwan sanyaya inji. A duba da tocila idan inji ya huce: inda roba ta haɗu da alminiyam a lagireto, bakin kowane tiyo wajen kilif, gidan tamostat (bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanyar zuwa lagireto idan inji ya yi zafi), da ɗan ramin da ke ƙasan famfon ruwa, wanda yake fara zubar da ruwa idan sil ɗin ciki ya mutu. A taɓa kafet ɗin gaban fasinja ma. Idan ya jiƙe yana ɗan ƙamshin zaƙi, hita ce ke yoyo a bayan dashbod, kuma motocin da aka shigo da su daga Amurka da Turai duk suna da ita ko ba a taɓa kunna ta a Kano ba. Ruwa garai da ke ɗiga a ƙasan mota bayan an kunna AC kuwa ba laifi ba ne, a ƙyale shi.

Gwajin da ke raba gardama shi ne na matsi. Ana ɗaura famfon gwaji a bakin lagireto inji na sanye, a hura zuwa lambar da ke kan murfi, kar a wuce, a jira minti 15. Idan allura ta sauka, akwai yoyo. Idan ta sauka kuma ba a ga komai a waje ba, yanzu ne zargin ciki ya halatta.

Yanke hukuncin gasket da ido

Farin hayaƙi da ɗigon ruwa a salansa da sanyin safiya, musamman da hunturu, raɓa ce, tana ɗaukewa bayan 'yan mintuna. Hayaƙin gasket ba ya ɗaukewa ko inji ya yi zafi. Sauran alamomin da ake haɗawa: tiyon sama ya ƙame kamar taya jim kaɗan bayan tayar da inji mai sanyi, kumfa tana tasowa a bakin lagireto ba tsayawa, inji yana ɗingishi da safe sannan ya daidaita, fulogi ɗaya kuma ya fito fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa suna da toka. Akwai kuma ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto. Idan hayaƙin silinda yana shiga ruwa, zai koma ruwan ɗorawa a injin fetur.

Ko an ga mai da ruwa sun gauraya, a tambaya wane mai ne. A motoci masu giyar otomatik, man giya yana bi ta cikin lagireto don ya huce. Idan bututun nan ya huje, ruwa zai koma kamar madara mai ja-ja, kuma giya ce ke cikin haɗari, inji lafiyarsa ƙalau. Injunan da ke da kular baƙin mai, wato na'urar da ke sanyaya shi da ruwan inji, su ma suna gauraya ta can. Wani abin lura ga masu Camry ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ-FE: zaren da ke riƙe kusoshin kan inji yana cinyewa a cikin bulok ɗin alminiyam, ruwa ya riƙa tsatsa ta baya, ƙarƙashin manifol. Idan aka sa sabon gasket ba a gyara zaren ba, aikin baban giwa aka yi.

Idan har ya tabbata gasket ne, to kar a ɗaure da ƙarfin damtse. A auna shimfiɗar kan injin, domin a injunan Toyota da yawa lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 tana bukatar a kai shi a goge. A ɗaure kusoshi da sifanar awo, daga tsakiya zuwa gefe, bisa tsarin littafin motar. Sannan a nemo abin da ya ƙona na farkon, fanka ce ko famfo ko toshewar lagireto, in ba haka ba sabon ma zai bi sahu.

Cire tamostat da zuba ruwan rijiya

Wannan ya zama al'ada, wai ƙasarmu da zafi. Tamostat yana buɗewa ne a wajen digiri 82 a injunan Japan da yawa, aikinsa inji ya kai zafin aiki da wuri ya tsaya a nan. Idan aka cire shi, aka kuma haɗa fanka kai tsaye, inji zai daɗe yana sanyi, kwamfutar mota ta riƙa ƙara fetur, danshi da ɗanyen fetur su taru a cikin baƙin mai ba su ƙone ba. Ta nan matsalar ruwa take haihuwar matsalar mai. Ruwan rijiya ko na burtsatse kuma yana barin tsatsa da ɓawon gishiri da ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto, yana cin fuka-fukin famfo. A zuba kulan da aka riga aka haɗa, ko rabi kulan rabi tataccen ruwa irin na batir, kuma kar a gauraya iri biyu. Ƙwai da garin sabulu da ake zubawa don toshe yoyo ko wanke ciki, hanyar hita da ta lagireto suke fara toshewa. Kulan guba ne mai zaƙi, a nisanta shi da yara da dabbobi. Kada a buɗe murfi inji na tafasa, kada kuma a kwarara masa ruwan sanyi a lokacin, kan alminiyam yana iya lanƙwashewa ko ya tsage.

Ɗaukar kindirmo da kwalta a matsayin ciwo ɗaya

Fari-farin da ke ƙarƙashin murfin baƙin mai kaɗai, alhali sandar auna mai tana da tsabta kuma ruwa ba ya raguwa, danshi ne na gajerun tafiye-tafiye, daga gida zuwa makarantar yara a dawo. A goge, a yi tafiyar minti 40 a babbar hanya, a sake dubawa. Amma idan man da ke jikin sandar ya koma kalar shayi mai madara kuma awonsa yana hawa, ruwa ne ke shiga. A kashe motar, domin irin wannan man ba ya kare metal, wato ƙarafan da babban sandar inji ke juyawa a kansu.

Baƙin dasƙararren kuwa tsohon mai ne da ya dahu. Dalilansa: jinkirta sabis, jabun mai, filta mara kyau, yawan zafi, da toshewar ɗan bawul ɗin numfashi da ke kan murfin inji, wanda ake kira PCV. Idan ka cire shi ka girgiza bai yi ƙara ba, a canza shi. Injin V6 na 1MZ-FE da ke cikin Camry da Sienna na ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon na 2000 ya yi suna da wannan ciwo, haka 1.8T na Passat. Mai saye ya haska tocila ta inda ake zuba baƙin mai, ya fi kyau ma a ɗaga murfin saman gaba ɗaya, don sabon mai da dillali ya zuba jiya ba ya wanke abin da ya manne. A kuma lura da mita: ta motar Amurka mil take ƙirgawa, wanda ya jira ta ƙara 5,000 ya riga ya yi kilomita 8,000.

Wanke inji da kananzir ko gas

A nan ne injuna da yawa suke bugawa. Kananzir ko maganin wanki mai ƙarfi yana ɓamɓaro dattin gunduwa-gunduwa, ya gangara kasko, ya toshe rariyar famfon mai. Fitilar mai ta kama, metal ya ƙone cikin 'yan mintuna. Idan dattin ya yi kauri, hannu ake sawa: a cire murfin sama da kaskon ƙasa, a kankare, a wanke rariya ko a canza ta, a toshe ramukan da mai ke komawa ƙasa da tsumma yayin aikin, a tabbatar an cire shi kafin a rufe. Daga nan a zuba man da littafin motar ya ce. Injin da aka rubuta wa 5W-30 ba a ɗura masa 20W-50 don a rufe bakin ƙara, mai kauri ba ya ratsa hanyoyin da datti ya riga ya ƙuntata. A canza mai da filta bayan kilomita 1,000, a maimaita sau biyu ko uku, kowane karo a yanka tsohon filta a ga abin da ya kama. Idan fitilar mai tana ƙiftawa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, bayan duk wannan, a ɗaura geji a auna matsin man kafin motar ta sake hawa titi.