Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin nisan tafiyar jirgin sama a kan teku

Mutum zai shimfiɗa taswira, ya ɗora rula tsakanin New York da Landan, ya ja layi miƙaƙƙe ya ce ga hanyar jirgi nan. Daga nan yawancin kurakuran suke tsirowa. Duniya dunƙulalliya ce, takarda kuwa a shimfiɗe take. Taswirar da Gerardus Mercator ya zana a 1569, wadda har yau ake ratayewa a ajujuwa, tana kumbura ƙasashen can arewa, har Girinlan ta yi kamar ta kamo Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14.

Gyaran ba shi da wuya. Samo taswirar duniya mai siffar ƙwallo, ka danne bakin zare a kan New York, ka ja shi ya ɗaure tamau har Landan. Za ka ga zaren ya haura ta gabashin Kanada, ya ratsa Newfoundland, sannan ya sauko ta Ayalan. Hanya mafi gajarta ke nan, kimanin kilomita 5,550. Lanƙwasar da fasinja ke gani a allon bayan kujera ba zagaye matuƙi yake yi ba. Haka ma daga Los Angeles zuwa Tokyo, jirgi kan yi arewa ya bi ta kusa da tsibiran Alaska.

Sai rikicin mil. Mil na ƙasa kilomita 1.609 ne, amma matuƙa da mil na teku suke aiki, mai kilomita 1.852. Tafiyar nan ta New York zuwa Landan mil 3,450 ce a na ƙasa, kusan 3,000 a na teku. Kafin ka kwatanta lambobi biyu, duba wane mil ake nufi.

Wanda ya fi damuna shi ne auna nisa da awoyi, don shi ke sa mutane ɓata shirinsu. A sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Landan tana tura shi, ya isa cikin kamar awa 7. Mai komawa New York yana fama da ita, ya ci kusan awa 8. A Fabrairun 2020, lokacin guguwar Ciara, wani jirgin British Airways ya tsallaka daga New York zuwa Landan cikin awa 4 da minti 56. Kuma lokutan da ke kan tikiti agogon kowane gari ne. Landan ta riga New York da awa 5, sai ka cire ko ka ƙara su kafin ka yi lissafi. A tekun Pasifik abin ya fi rikitarwa saboda layin canjin rana, wanda kwanan wata ke canzawa in an ƙetare shi: mai barin Tokyo da yamma yana iya sauka Los Angeles da safiyar wannan ranar.

Kada kuma ka ɗauka lambar da intanet ta ba ka ita jirgi zai ci cif-cif. Hanyoyin arewacin Atlantika kullum ake sake tsara su bisa iska, kuma jirgi mai inji biyu dole ya kasance inda zai iya kaiwa filin saukar gaggawa, irin su Gander a Kanada ko Shannon a Ayalan. In akwai yada zango, auna kowane zango daban da lambar filinsa, kamar JFK na New York da LHR na Landan, sannan ka haɗa.